Wasiƙa daga Landan: ɗakina na can ƙololuwar bene

'Yan uwa masu karatu, assalamu alaikum. Ina gaishe ku daga Landan, da fatan kuna lafiya, ya iyali?

Yau kwanana biyar a wani ƙaramin otal a unguwar Paddington, dab da titin Sussex Gardens. Kada ku kawo otal mai harabar motoci da maigadi a ranku. Gidan zama ne, cikin jerin fararen gidaje manne da juna da aka gina wa masu hannu da shuni a ƙarni na 19. Siriri ne, tsayi kawai gare shi, kuma babu lifta. Da yawa daga irin gidajen nan hukuma ta sa su cikin gine-ginen tarihi, ko bango ba a fasawa sai da izini.

Da na nemi ɗaki mafi araha, sai aka miƙo mini makullin na can ƙololuwa, inda masu aikin gida ke kwana a zamanin Sarauniya Victoria. Haka na kinkimi akwati mai kilo 23, cike da tsarabar kuka da daddawa, na bi wani ƙuntataccen matattakala da mutum biyu ba sa gilmawa. Sau uku na tsaya ina haki. Ɗakin kuwa, gado ya cinye shi. In zan shimfiɗa darduma, sai na ɗora akwatin a kan katifa.

Alwala ce ta fi ba ni dariya. Famfo biyu ne, kowane da bakinsa: ɗaya yana ƙona hannu, ɗayan kamar ƙanƙara. Buta babu, gorar ruwan sha ce ta karɓi aikinta. Soket dai irin namu ne na Najeriya mai baki uku, cajata ta shiga ba gardama.

Karin kumallo a ɗakin ƙarƙashin ƙasa ake yi, tsohon madafin gidan. Akwai naman alade a ciki, don haka nakan ce a dafa mini ƙwai kawai, in haɗa da burodi da shayi.

To me ya hana ni tashi? Unguwar nake biya wa, ba ɗakin ba. Daga filin jirgin Heathrow, jirgin ƙasa na Elizabeth, wanda aka buɗe a 2022, yana sauke mutum a tashar Paddington kai tsaye. Titin Edgware Road, mai gidajen abincin Larabawa na halal, tafiyar ƙafa ce. Ranar Juma'a da ƙafa na je babban masallacin Regent's Park.

Wanda zai zo, ya tambayi hawa na nawa ne ɗakinsa kafin ya biya. Akwai masu araha a ƙarƙashin ƙasa ma. Na leƙa ɗaya jiya, ta tagarsa takalman masu wucewa kawai ake gani.

Ku gaida mutan gida.

Naku,
ɗan uwanku a Landan