Neman Matan da Ba Su Dawo Ba: Inda Na Kwana a Tsara Binciken Allurar R21

'Yan'uwa masu koyon binciken hira da tattaunawa, a wannan makon ne kwamitin ɗa'ar bincike ya amince da tsarina, kuma ba zan ɓoye muku farin cikina ba, domin sashe ɗaya ya daɗe yana hana ni sakat.

Bincikena a kan yadda ake gudanar da allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro ta R21 ne a Jihar Kebbi, wadda ita da Bayelsa aka fara da su a watan Disamba na 2024. Jerin tambayoyin hira bai wahalar da ni ba. Na ɗora shi a kan ginshiƙai biyar na tsarin CFIR, wato jagorar da masu bincike ke bi wajen nazarin yadda ake aiwatar da shiri, na tsamo rassan da suka shafe ni, na bar sauran. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne zaɓen waɗanda za a tattauna da su.

Sau huɗu ake yi wa yaro allurar: yana wata 5, da 6, da 7, sai cikon ta huɗu a wata 15, lokacin da ake yin ta ƙyanda karo na biyu. A da, daga allurar mako 14 uwa ba ta da wata allura sai ta wata 9, yanzu kuwa an cusa mata zuwa uku a tsakani. Saboda haka wadda ta fi kowa sanin inda shirin yake tangarɗa ita ce uwar da ta kawo ɗanta sau ɗaya ba ta sake dawowa ba, kuma ita ce ba za ka taɓa samu a layin asibiti ranar rigakafi ba. Wanda ya tsaya a bakin asibiti yana ɗibar mata, yabo kawai zai kwaso.

Sunayensu suna cikin rajista, amma ba ni da hurumin kwafar sunan kowa in bi ta gida. Da aka ce ma'aikaciyar lafiya ta fara tuntuɓarsu, sai gwajin farko ya nuna mini illar hakan: uwa tana ɗauka faɗa aka zo yi mata, amsarta ba ta wuce "mantuwa na yi" ko "mun yi tafiya". Haushi ya kama ni ƙwarai, domin irin wannan hira ko ɗari ka tara ba ta da nama.

Abin da ya ɓulle shi ne a raba aikin. Ma'aikaciya ta ware sunayen ta riƙe a wurinta, ungozomar unguwa ta je ta nemi yardar uwa da izinin maigida, sai wadda ta amince kaɗai sunanta zai iso gare ni. Mace ce za ta yi hirar a cikin gida, ba da tufafin asibiti ba, kuma ba za a buɗe da "me ya hana ki" ba, sai dai a ce ta ba da labarin ranar allurar farko tun daga fitarta gida. A nan ne maganar kuɗin mashin, da zazzaɓin bayan allura, da ra'ayin uwar miji suke fitowa da kansu. Wannan ya sa na ƙara rukunin magidanta da kakanni a tsarin.

Ƙarin ya ci mini kuɗi, domin rubuta hirar awa ɗaya kan cinye yini guda, kuma ladan masu rubutawa ya lashe kusan rabin abin da na tanada. Dole na rage tattaunawar rukuni da ma'aikata, na mayar da ita hirar mutum ɗaya ɗaya da shugabannin asibitocin.