Dodon koɗin teku mai dafi

Na ɗauki lokaci ina duban wata katantanwa a gidan adana halittun ruwa, mai siffar mazurari da zane ruwan ƙasa da fari, har na fahimci abin da ke sa masu yawo a bakin teku su kai mata hannu. Mai wannan katantanwa shi ne dodon koɗin da masana ke kira Conus geographus, wanda ke zaune cikin duwatsun murjani a Tekun Indiya da na Fasifik, kuma da dare yake farautar kifi.

Tafiyarsa a hankali ce, saboda haka yakan saki wani nau'in insulin, sinadarin da ke rage sukari a jini, cikin ruwa domin jikin kifin ya mutu, sannan ya haɗiye shi ya soke shi da haƙori mai kama da ƙaramin mashi. Dafinsa yana shanye jijiyoyi har numfashi ya tsaya, ya kashe mutane, kuma har yau ba shi da makari, sai dai a taimaka wa wanda dodon koɗin ya harba da na'urar numfashi. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, daga dafin ɗan'uwansa, Conus magus, aka samar da maganin matsanancin ciwo mai suna Prialt, wanda Amurka ta amince da shi a 2004.