Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Makon da Bango Ya Yi Kuka a Gwanzu

Assalamu alaikum. A makon jiya mun tsaya ne a ranar Lahadi, 24 ga Janairun 2016, ranar da ƙanƙara ta zubo tsaba-tsaba a tsakiyar birnin Guangzhou, wanda mu 'yan kasuwa muke kira Gwanzu. Kun ji yadda tsofaffin garin suka fito titi suna tara tafin hannu kamar yara, matasa kuma suna kankaro 'yar wadda ta taru a gilashin motoci suna gina mutum-mutumin da bai wuce tsawon ɗan yatsa ba. Na kuma gaya muku cewa gidajen kudancin ƙasar Sin ba a ja musu bututun ɗumama ɗaki irin na arewa, tun shekarun 1950 da aka shata layi daga duwatsun Qinling zuwa kogin Huai. Wanda ke kudu da layin, bargonsa ne gatansa. To wannan sanyin da ya ratsa siminti ya kwanta a ciki, shi ne uban labarinmu na yau.

Wata asuba a cikin Maris na tashi zan yi alwala. Ina sauke ƙafa daga kan gado na ji ta cikin ruwa. Na kunna fitila. Tayil ɗin ɗakin kaf yana ƙyalli kamar yanzu aka gama wanke shi. Madubi ya rufe ruf. Bango kuwa, tun daga sama ruwa ke taruwa ɗigo-ɗigo, in ya yi nauyi ya gangaro ya bar sawu, kamar fuskar yaron da aka hana bin uwarsa unguwa.

Malam, abokin zamana, dattijo ne da ya shekara goma sha biyu yana aikin lodin kaya a Dubai kafin maigidanmu ya dawo da shi nan. Shi ma wannan ce bazararsa ta farko a garin. Ya shafa bangon, ya shinshina yatsansa, ya ɗaga kai ya dubi silin.

"Ƙanena, famfo ne ya fashe a sama. Idar da sallah mu je mu gaya musu tun kafin ginin nan ya zauna da mu."

Da muka buɗe ƙofa sai Malam ya ja da baya yana a'uziyya. Ƙofar da ke kallon tamu jan ruwa ne ke bin ta har ƙasa. Sai da muka matsa kusa muka gane: jajayen takardun fatan alheri ne da suke mannawa a ƙofofi lokacin sabuwar shekararsu, wadda a waccan shekarar ta faɗo 8 ga Fabrairu, su ne suka jiƙe launinsu yake zuba.

Benenmu hawa shida ne, ba lifta, mu muna hawa na biyu. Muka buga wa na uku. Wani magidanci ya buɗe da tsumma a hannu. Malam ya nuna masa silin, ya nuna ƙasa, ya kwaikwayi ɗigar ruwa da yatsu. Mutumin bai ce uffan ba, ya kauce ya nuna mana nasa bangon. Malam ya gyaɗa kai ya ce, "Ashe shi ma zaluntarsa aka yi. Mu je gaba." Na huɗu, haka. Na biyar, haka, sai dai ruwan ya ɗan ragu. Na shida wata budurwa ce ta leƙo tana busar da safa da na'urar busar gashi. Har kan rufin muka hau. Tankin ruwa lafiya lau, ko tsatsa babu. Abin da muka tarar kawai hazo ne fari fat, mai ɗumi, wanda ya haɗiye unguwar Xiaobei gaba ɗaya. Malam ya tsaya yana haki, ya dubi sama ya ce, "To ai kuma daga nan babu wanda za a kai wa ƙara."

Muka sauko muka yi abin da duk mai hankali zai yi wa jiƙaƙƙen ɗaki: muka wangale tagogi, muka kunna fanka, muka kama guga da tsumma. Kana goge nan, kafin ka kai can nan ɗin ya sake jiƙewa.

Muna cikin haka mai jar ƙofar nan ta fito. Tsohuwa ce 'yar firit, ta haura saba'in, kowa a benen Ayi yake ce mata, wato kamar ka ce inna ko gwaggo. Ni kuwa tun ranar da na tare take kirana "lengzai", kiran da ake yi wa kowane saurayi a yaren Kanton, wato yaren mutanen garin, ma'anarsa kyakkyawan yaro. Malam mai furfura ma lengzai take ce masa, shi kuma tun da aka fassara masa bai taɓa ƙin amsawa ba. Tana hango tagoginmu a buɗe ta ɗora hannu a ka. Ba sallama ba neman izini ta shige ɗakin, ta bi tagogin ɗaya bayan ɗaya tana rufewa garam-garam, ta kashe fankar, tana ta faɗa cikin yarensu. Ta koma ta jawo jikarta mai ɗan jin Turanci, wadda ko gama saka rigar makaranta ba ta yi ba.

Bayanin da suka yi mana har gobe ban ji wanda ya fi shi ba. Ayi ta buɗe firjinmu ta ɗauko gorar ruwa mai sanyi ta dangwarar a kan tebur. Ba a yi minti biyu ba gorar ta fara gumi. Ta nuna gorar, ta nuna bango. Yarinyar ta ce gidan ne gaba ɗaya ya zama gorar nan. Watannin sanyi sun bar bango da daɓe da sanyi, yau kuma iska ta juyo daga kudu, daga teku, ɗauke da ɗumi da tururi. Duk inda tururin ya taɓa abu mai sanyi sai ya koma ruwa. Suna kiran kwanakin "huinantian", wato kwanakin dawowar iskar kudu, kuma kusan kowace shekara sai sun zo tsakanin Fabrairu da Afrilu. Laimar da ke cikin iska takan haura kashi 90 cikin 100. Wanda ya buɗe taga, da hannunsa ya yi wa teku iso zuwa ɗakinsa.

Wannan magana ta yi wa Malam nauyi. Mutum ne da duk rayuwarsa ya san iska da shanya su ne maganin jiƙa. Ya ce, "Ƙanena, tambaye ta, yanzu in wanki ya jiƙe ina ake kai shi?" Yarinyar ta tambayi kakarta, ta juyo ta ce, "Ta ce kada ku yi wanki."

Ai kuwa mun riga mun yi. Kaftanin Juma'ar Malam tun Talata yake kan igiya a baranda, kuma ranar Alhamis ya fi ranar Talata nauyi. Gishirinmu ya dunƙule ya zama dutse. Biskit ya yi laushi kamar an tauna an mayar. Ashana ta ƙi kamawa. Ambulan ɗin da muke ajiye rasit duk sun manne bakinsu da kansu. Masu shara suka shimfiɗa kwalaye a matattakala saboda santsi, mutane suna saukowa a hankali suna dafa bango, sannan su goge hannun a wando. Doguwar hasumiyar Kanton mai tsawon mita 600, wadda kullum ake hangowa daga bakin kogin Lu'ulu'u, rabinta na sama ya ɓace, kamar an sare ta. Ranar Juma'a muka tafi masallacin da ke kusa da lambun Yuexiu, inda kabarin da Musulmin garin ke dangantawa da Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas yake. Sahu ya cika da 'yan Afirka da Larabawa da 'yan Pakistan da Musulmin Sin, kowa da ƙamshin turarensa, a ƙarƙashin turaren kuma kowa da warin rigar da ba ta bushe ba. Ba wanda ya kalli wani.

Abin dariya ya ƙare ne ranar Asabar, da na je sito.

Aikinmu shi ne karɓar kayan da 'yan kasuwa suka saya, mu ƙirga, mu auna, mu ajiye har kwantena ta samu. A lokacin akwai katan arba'in na takalman fata na wani Alhaji, tsohon abokin cinikin maigidanmu, suna jiran lodi. Siton a ƙasa yake, ƙofarsa tana kallon kudu, kuma 'yan dako sun bar ta a buɗe kwana uku saboda shige da fice. Na taɓa katan na ƙasa, yatsana ya shige ciki kamar burodi. Na buɗe. Takalman da suka zo baƙaƙe wul sun yi furfura. Fumfuna ta bi bakin ɗinki ta yi musu ado fari da kore.

Gabana ya faɗi, domin amana ce. Kuɗin mutum ne, wataƙila har da na marayu da na matan da suka ba shi jari. Kuma ko da an loda su a haka, kwantena takan yi sama da wata guda a teku, rana ta gasa ƙarfen da yini, dare ya sanyaya shi, tururin da kwalaye suka sha ya taru a rufin ya dinga ɗigowa kan kaya. Abin da ya fara a sito, a cikin jirgi yake ƙarasawa.

Na kira Alhaji.

"Ranka ya daɗe, akwai magana a kan kayan nan."

"Kwastan ne?"

"A'a, Alhaji. Sun yi fumfuna."

Ya yi shiru. "Ɗana, takalmi fa na saya, ba tuwo ba."

"Wallahi Alhaji, takalman ne."

"Ruwan sama ya dake su?"

"Ko ɗigo ba a yi ba."

"To rufin ne ke yoyo?"

"Rufi lafiya lau, ranka ya daɗe. Iska ce."

"Iska." Ya maimaita kalmar a hankali, irin yadda ake yi wa wanda ake tausayi. "Ɗana, ba Malam wayar."

Malam ya karɓa, ya gyara murya, ya yi masa bayanin gorar ruwa tiryan-tiryan kamar shi ya ƙirƙiro shi. Har da cewa, "Alhaji, in kana kusa da firji buɗe ka gani." Muna jin ƙarar buɗe firjin ta cikin waya.

Kwana biyu muka yi a siton nan, mu biyu da 'yan dako uku. Muka rufe ƙofa, muka toshe ƙasanta da buhuna. Muka yi hayar injin tsotse laima guda biyu, irin mai tanki a ciki, wanda kafin azahar sai ka zubar da ruwa bokiti guda, ruwan da ba ka ga shigowarsa ba. Muka ɗora kaya a kan katako, muka janye su daga jikin bango. Takalmi ɗaya-ɗaya muka goge da tsumma da sinadarin kashe ƙwayoyin cuta, muka sake shafa musu mai, muka canja kwalaye, muka zuba wa kowanne 'yan ƙullin nan masu tsotse danshi da ake tararwa a cikin sabon takalmi. Ƙafa goma sha ɗaya ne suka ƙi dawowa, na rubuta su na aika wa Alhaji da hotuna. Ya ce in bar su, Allah Ya sa iyakar asarar ke nan. Tun daga ranar ban sake karɓar kayan fata ko yadi a watan Maris na ajiye su a daɓe ba, kuma duk yaron da ya zo koyon aiki a hannuna, kafin ya koyi awo sai ya koyi duba inda iska ta fuskanta.

Daren Litinin iskar arewa ta dawo. Da safe bango ya bushe ƙarau kamar bai taɓa yin komai ba. Garin kaf ya fito da shanya. Barguna a kan gadoji, katifu a kan shinge, riguna a jikin sandunan gora daga wannan taga zuwa waccan. Kaftanin Malam ya bushe cikin awa biyu, ya sa shi ranar Talata ya tafi sito da shi, ya ce ba zai jira wata Juma'ar ba tunda ba a san abin da iska za ta yi ba.

A watan ne kuma itatuwan gurjiyar garin suke fure. Ganye ba ko ɗaya, sai manyan jajayen furanni masu nauyi, in ɗaya ya faɗo kan mota sai ka ji tim. Shi ne furen da birnin ya ɗauka a matsayin alamarsa. Tsofaffi kan tsaya a gindin bishiya da leda suna jiran faɗowarsa, wani lokaci biyu su nufi fure ɗaya da sauri. Ayi tana cikin gwanayensu. Takan jera su a kan jarida a rana, in sun bushe a dafa, domin a wajensu laimar da ta kama bango tana kama jikin mutum, ta sa masa kasala da nauyin gaɓoɓi, sai an kore ta da abin sha.

Da yamma ta buga mana ƙofa, jikarta a bayanta, ita kuma riƙe da 'yar tukunyar ƙasa. Yarinyar ta ce kakarta ta saba dafa furen da naman da ta san ba ma ci, saboda haka ta je kasuwa ta sayo sabuwar tukunya, ta dafa mana namu da ruwa da ganyaye zalla. Ta juya gindin tukunyar ta nuna mana takardar kuɗin da ba a ɓamɓare ba, don mu tabbata. Malam ya karɓa da hannu biyu. Ya kurɓa, ɗacin ya kai masa har kunne, ya runtse ido ya shanye tas, ya ce, "Ƙanena, gaya mata Allah Ya saka da alheri. Kuma gaya mata na warke, kada ta wahalar da kanta gobe."

Washegari ta kawo wata.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu shiga watan Agustan 2016, lokacin da guguwar Nida ta nufo gaɓar Guangdong, lardin da Gwanzu yake ciki, muna da kwantena biyu a tashar jiragen ruwa, Malam kuma ya fita sayen salatif ɗin manna wa gilashin taga ya dawo da laima uku.