Daga Ƙofar Ruwa Zuwa Ɗakin Gwaji

Na bar Zariya bayan sallar asuba, da niyyar in ga aikin wani tsohon ɗalibina da ke digiri na biyu a fannin sinadarai a Jami'ar Bayero. Tun daga Kwanar Ɗangora na ji birkin motata yana riƙewa, ko na ɗaga ƙafa ba ya saki da wuri. A haka na lallaɓa na wuce Kura, na shiga gari ta Na'ibawa, na zarce Ƙofar Ruwa, inda kayan gyaran mota suke.

Bakaniken da na samu dattijo ne. Ya kwance, ya zaro wata 'yar roba, ya ajiye ta a tafin hannuna kusa da sabuwa. Tsohuwar ta kumbura, ta yi laushi kamar an jiƙa ganda.

"Malam, baƙin mai aka zuba maka a madadin man birki," in ji shi. "Roba ta sha ta ƙoshi, ba ta komawa gurbinta."

Na tuna yaron da ya yi min ciko a bakin hanya makon jiya. Raina ya ɓaci, don ganganci ne da ran mutane. Amma abin da ya riƙe hankalina shi ne robar ba ta narke ba. Ƙaro idan ka jefa shi a ruwa ɓacewa yake yi, saboda dogayen sarƙoƙin sinadaran da suka haɗa shi a sake suke. Na roba kuwa an ɗaure su da juna nan da can, kamar ragar masunta. Mai yana kutsawa tsakaninsu, ragar ta buɗe iya ƙarfinta, sannan ƙullin ya tsayar da ita.

Sai bayan azahar na isa wurin ɗalibin nawa. Ya rusuna ya gaishe ni, da na ba shi labarin robar sai ya ce, "Malam, ashe ka riga ka ga rabin aikina a gareji."

Ya ɗauko kwalba mai ɗauke da wani abu kamar lallausan yashi. Ƙwayoyin folistirin ne, dangin farin soson da ake kare talabijin da shi a kwali, sai dai an ƙulle sarƙoƙinsu da wani sinadari, daibainilbenzin, kashi 1 cikin 100 kacal. Ya zuba daidai wa daida a bututun gilashi biyu. Na farko ya sa masa wani ruwan sinadari, metanol, ƙwayoyin suka kwanta abinsu. Na biyu ya sa wani ruwan sinadarin daban, daikuloromitan. Ina tsaye ina kallo suka tashi kamar garin rogo ya ji ruwa, suka ninka girmansu sau da yawa, suka yi garau har ido yana ratsa su. Shekara da shekaru ina zana wannan a allo, ban taɓa gani da idona ba sai ranar, kuma wallahi sai da tsigar jikina ta tashi.

A nan kumburin shi ne jarin. Kusan duk gurabun da sinadari zai kama a cikin ƙwayar suke, ba a bayanta ba. In ba ta buɗe ba, aiki ya tsaya. Da wannan dabarar Bruce Merrifield na Cibiyar Rockefeller da ke Niyok ya fito a 1963: ya maƙala amino asid, wato tubalin ginin furotin, a jikin ƙwaya, ya riƙa ɗora wani bisa wani, bayan kowane mataki ya tace ya wanke ragowar. Da guda 4 ya fara. Zuwa 1969 an haɗa wani inzayim, wato wani nau'in furotin, mai amino asid 124 ta wannan hanyar, a 1984 kuma ya karɓi kyautar Nobel.

Na tambaye shi ko akwai mai amfani da irinsu a Kano in ban da ɗakin gwaji. Ya ce masana'antun da ke tausasa ruwan rijiyar burtsatse suna da 'yan uwansu, masu ƙulli kusan kashi 8, waɗanda ruwa ne ke kumbura su. Suna kama kalsiyam da maganiziyam, in sun cika a wanke su da ruwan gishiri su koma aiki.

La'asar ta yi, ga hanya a gabana. Kafin in tashi na ciro robar birkin daga aljihu na roƙe shi kaɗan daga ƙwayoyin a ƙaramar kwalba. Ranar Litinin ina da 'yan aji biyar, kuma tare zan ɗora robar da kwalbar a kan tebur.