Asabar: yarinyar da ta zana agogo a gefe guda

Yau ban leƙa ko ƙofar gida ba. Wanki da safe, sai girki, sai barcin rana da zafi ya hana shi yin daɗi. Bayan la'asar Auta ta fito da kwamfutarta, ta ce a makarantarsu ta koyon aikin jinya an ce su kalli wani fim na 2016 mai suna Brain on Fire, kuma labarin gaske ne. Muka baje tabarma a tsakar gida. Umma na gefe tana tsince shinkafa, tana cewa ita ba ruwanta da fim ɗin Turawa. Ba a yi nisa ba ta ture faifan, ta matso.

Labarin Susannah Cahalan ne, wadda a lokacin take aiki a jaridar New York Post. A 2009, tana da shekara 24, lafiyarta ƙalau, sai abubuwa suka fara rikice mata. Auta ta ce a littafin da Susannah ta wallafa a 2012, abin ya faro ne daga zargin kuɗin cizo sun cika mata ɗaki. Daga nan hannun hagu ya riƙa mutuwa, barci ya ƙaurace mata, ta yi dariya yanzu, an jima kuka. Tana jin ana zaginta alhali ba wanda ya buɗe baki. Sai wani dare jikinta ya sandare, ido ya juye, tana kumfa.

A nan Umma ta dafe ƙirji ta ce, "Innalillahi! Wannan ai shafar aljanu ce, ku dubi idonta." Auta ta ce, "Umma, ki dai bari ki ga ƙarshe."

Ban ga laifin Umma ba ko kaɗan. Likitocin New York ma da na'urorinsu ba su fi ta gane abin ba a farko. Wani ya ce giya ce ta yi mata yawa da gajiyar aiki, ta huta. Wata ta ce ciwon sauyin yanayi ne, mai kai mutum sama ya dawo da shi ƙasa. Hoton ƙwaƙwalwa ya fito lafiya, gwajin jini lafiya, har aka fara maganar mayar da ita sashen masu taɓin hankali. Abin da ya riƙe ni shi ne iyayenta. Sun rabu da juna tun tuni, amma a bakin gadon nan bakinsu ɗaya: ba mu yarda ba, ku ci gaba da dubawa. Ita kuwa tana ta nitsewa, magana ta ɗauke, tana zaune ƙiƙam kamar an dasa ta.

Sai Dakta Souhel Najjar ya zo, likitan ƙwaƙwalwa ɗan asalin Siriya. Ya zauna kusa da ita, ya miƙa mata takarda da biro, ya ce ta zana agogo. Ta yi da'irar da ƙyar, hannu na rawa. Ta fara jera lambobi, 1, 2, 3, har 12, amma dukkansu ta cusa su a gefen dama, hagu fayau ba komai. Sai da na sa Auta ta dawo da wurin baya. Ta yi mana bayani cewa ɓangaren dama na ƙwaƙwalwa shi ke kula da hagun jiki da abin da ke hagu, don haka wanda ya manta da rabin agogo, akwai ciwo a naman ƙwaƙwalwarsa. Aka ɗebi ɗan yanki na ƙwaƙwalwar Susannah aka auna, aka ga kumburi.

Sunan ciwon kumburin ƙwaƙwalwa na anti-NMDA. Garkuwar jikin mutum ce ke ɓata hanya, ta koma tana kai hari ga wasu ƙofofin saƙo a ƙwaƙwalwarsa da ake kira NMDA. Sai a 2007 Dakta Josep Dalmau da abokan aikinsa a Jami'ar Pennsylvania suka gano shi, shekara biyu kacal kafin ya kama Susannah, kuma ita ce ta 217 da aka tabbatar tana da shi. Ya fi kama mata, musamman matasa, wasu lokutan wani ƙari a kwan mahaifa ne ke tayar da shi. Kuma yana da magani: a danne garkuwar da ta yi tawaye, a tace jini, a cire ƙarin in akwai. Mafi yawan waɗanda aka gano da wuri suna samun sauƙi sosai.

Tun da aka gama nake tunanin waɗanda suka yi ciwon kafin 2007. An kulle su a ɗaki, ko sun mutu ana cewa sun haukace.

Akwai abin da bai kwanta min ba a fim ɗin. Da an gano ciwon, cikin mintuna kaɗan ga ta ta koma ofis tana murmushi. A gaskiya ta yi kusan wata guda a asibiti wanda ba ta ma tuna yawancinsa, sannan ta shafe watanni tana koyon zama cikin mutane. Masu jinya sun san a nan wahalar take, kuma nan aka tsallake. Na biyu ya fi damuna: an nuna sashen masu taɓin hankali tamkar wurin da ake jefa wanda aka fid da rai da shi, ita kuma ta tsira don nata "ciwon gaske" ne. To waɗanda ke can fa? Nasu ma ciwo ne, su ma 'ya'yan wasu ne, sun cancanci likitan da zai ja kujera ya zauna ya dube su da kyau.

Bayan magariba Umma ta sake ɗago zancen. Ta ce, "To yanzu ku nufinku a daina ruƙiyya?" Na ce a'a Umma, addu'a ba ta hana asibiti. Auta ta ƙara da cewa idan mai lafiya ya canza farat ɗaya cikin 'yan makonni, ga faɗuwa irin ta farfaɗiya, ga baki ko harshe na motsi da kansu, ga magana na ɗaukewa, to kada a ɓata lokaci, a nemi likitan ƙwaƙwalwa. Umma ta ce ta ji, amma tofi ba za ta fasa ba. Muka ce mun yarda.

Na sa Auta ta rubuta min alamomin nan da Hausa a takarda. A makarantar kwana ta 'yan mata da nake koyarwa, in yarinya ta faɗi a ɗakin kwana, kowa ya san kalmar da ake fara furtawa. Ba ina cewa wannan ciwon ne ke damun su ba, ciwo ne da ba kasafai ake samu ba. Amma ranar Litinin zan kai wa matron takardar, in roƙe ta ta liƙa a bangon ɗakin shan magani.