Raga ɗaya, gola biyu: lissafin da ƙungiyoyin NHL ke yi a hutun kaka

A gasar NHL ta wasan hoki na ƙanƙara a Amurka da Kanada, kowace ƙungiya tana fitowa wasa da mutum 20, biyu daga ciki masu tsaron gida ne. Sauran 'yan wasa suna karɓar juna ne kusan kowane daƙiƙa 45, kowa ya taɓa. Shi kuwa gola, idan ya shiga raga yakan tsaya minti 60 cur, abokinsa yana zaune a benci. Daga nan matsalar take tasowa: dole a riƙe gola biyu masu kyau, alhali ɗaya kaɗai zai ji cewa ragar tasa ce.

Dalilin riƙe biyun a jiki yake. Kakar 2024-25 wasa 82 ce kafin a shiga wasannin neman Kofin Stanley, kuma sau da yawa a buga yau a buga gobe a wani gari. Golan zamani yana tare faifan robar da ake bugawa a madadin ƙwallo ne ta hanyar zubewa a kan gwiwoyi, ya baza ƙafafu gefe da gefe don toshe ƙasan raga, ya miƙe, ya sake zubewa, sau da dama a wasa ɗaya, ban da atisaye. Gaɓar ƙugu da gwiwa da matsematsi su ke ɗaukar wannan wahala. Grant Fuhr ya buga wasa 79 a kakar 1995-96, Martin Brodeur ya buga 78 a 2006-07, amma yanzu ƙungiya mai hankali takan tsaida na farko a wasa 55 zuwa 60. Wasa ashirin da 'yan kai da suka rage sun isa su hana ƙungiya shiga wasannin kofi idan na biyun bai da ƙwari.

Sai batun auna wanda ya fi. Ma'aunin da kowa ya sani shi ne kason harbin da gola ya tare. Wanda aka harba wa 1,500 a kaka, wato kusan 30 a wasa har wasa 50, idan ya tare .915, wato kashi 91.5 cikin ɗari, an ci shi 128 ke nan, idan .905 ne, an ci shi 143. Tazarar ci 15 a kaka guda babba ce. Amma a wasannin gwaji na Satumba gola ba ya wuce wasa biyu ko uku, harbin da zai fuskanta bai kai ɗari ba, kuma a nan wannan tazarar ba ta wuce ci ɗaya ba. Faifai ɗaya ya bugi ƙafar ɗan baya ya karkace, an gama. Shi ya sa nake ganin kocin da ya ce gasar raga za a yanke ta a sansanin atisaye bai faɗi duka gaskiya ba. Sansanin yana nuna lafiyar jiki da yadda gola ke bin faifai da ido ta cikin cunkoso, amma ainihin hukuncin tun a Yuni da Yuli aka yanke shi, lokacin da aka sa hannu a kwantiragi.

Kason tarewa ma yana yaudara. Harbi daga nesa wanda gola yake gani sarai ba ɗaya yake da wanda aka yi daga bakin raga bayan an ratsa da faifai daga gefe zuwa gefe ba. Ƙungiyar da 'yan bayanta ke da tsari takan sa gola matsakaici ya zama kamar gwani. Don haka masu nazari suke ba kowane harbi kimarsa gwargwadon nisa da kusurwa da yadda aka kawo shi, sannan su duba ci nawa gola ya hana fiye da abin da ake tsammani. Mai sayen gola da bai duba wannan na kaka uku a jere ba, ya sayi aikin 'yan bayan wata ƙungiya ne ba na golanta ba.

A NHL ba a sayen ɗan wasa da tsabar kuɗi kamar a ƙwallon ƙafa. Musaya ake yi: ɗan wasa da ɗan wasa, ko da damar zaɓen matasa da ake yi a ƙarshen Yuni. Kuma akwai iyakar albashi da ba a tsallakewa, dala miliyan 88 a kakar 2024-25, miliyan 95.5 a 2025-26, ga 'yan wasa har 23. Gola biyu masu karɓar miliyan takwas-takwas sun cinye kusan kashi ɗaya cikin shida, kuma ɗayansu yana benci kowane dare. Taura biyu ba ta taunuwa.

Boston Bruins ita ce darasin da ya fi cancantar a tsaya a kai. A 2022-23 Linus Ullmark da Jeremy Swayman sun raba raga, ƙungiyar ta ci wasa 65, abin da ba a taɓa yi ba, Ullmark ya ɗauki kyautar Vezina ta gwarzon gola da kason .938. Zuwa 2024 saura shekara ɗaya a kwantiraginsa na miliyan 5 a shekara, na Swayman kuma ya ƙare. Sayar da babban a riƙe ƙaramin ba laifi ba ne. Kuskuren a jerin matakai yake. Ranar 24 ga Yuni 2024 suka tura Ullmark Ottawa Senators, suka karɓi Joonas Korpisalo da Mark Kastelic da zaɓin zagayen farko a zaɓen matasa, alhali Swayman bai sa hannu ba. Daga ranar wakilinsa ya san Boston ba ta da wata mafita. Ciniki ya ja har Swayman ya rasa sansanin atisaye gaba ɗaya, sai a farkon Oktoba, ana kwana biyu Boston ta fara kaka, ya sa hannu a shekara 8 kan miliyan 66. Mutumin da bai taɓa wuce wasa 44 a kaka ba ya buga 58 babu shiri, kasonsa ya faɗo ƙasa da .900, Boston ba ta shiga wasannin kofi ba. Ba shi kaɗai ya jawo ba, amma da an ɗaure shi da kwantiragi kafin a saki Ullmark, da farashi da shirinsa duk sun bambanta.

Idan kuwa aka yi kuskuren saye, fita tana da tsada. Edmonton Oilers ta ba gola Jack Campbell shekara 5 kan miliyan 25 a Yulin 2022. A Nuwamban 2023 ta tura shi ƙaramar gasa ta AHL, amma hakan miliyan 1.15 kacal ya rage mata daga miliyan 5 da ake lissafa mata a shekara cikin iyakar albashi. A ƙarshen Yunin 2024 ta soke kwantiragin. Ƙa'idar sokewa ga mai shekara 26 zuwa sama ita ce a biya shi kashi biyu cikin uku na abin da ya rage, a shimfiɗa a kan ninkin shekarun da suka rage. Shekara uku sun koma shida ana cire wa ƙungiya kuɗi saboda golan da ba ya tare da ita. Hanya mafi sauƙi ita ce mai sayarwa ta riƙe wani kaso na albashin, har zuwa rabi, kamar yadda Calgary Flames ta yi da ta tura Jacob Markstrom New Jersey Devils a 2024 don buɗe wa Dustin Wolf raga. Sai dai gurbin irin wannan riƙo uku ne kawai ga kowace ƙungiya.

Matashi mai jiran gado shi ma ba ya jira har abada. Nashville Predators ta ɗauki Yaroslav Askarov a matsayi na 11 a zaɓen 2020, sannan a 2024 ta ƙara wa Juuse Saros shekara 8. Askarov ya ga hanya ta toshe, kafin Agusta ya ƙare an tura shi San Jose Sharks. Da zarar sauran manajoji sun san gola yana son tafiya, tayin da suke yi yakan ragu.

Akwai kuma gola na uku, wanda ba a cika kula da shi ba sai ranar da aka neme shi. Ɗan wasan da ya wuce shekarun sassauci da ake ba sababbi ba a saukar da shi AHL kai tsaye. Sai an baje sunansa awa 24, duk ƙungiyar da take so ta ɗauke shi ba tare da ba da kowa ba, kuma na ƙasan tebur ke da fifiko. Farkon Oktoba, lokacin rage 'yan wasa zuwa 23, nan ake asarar irin waɗannan. Wasu ƙungiyoyi sukan gwammace su riƙe uku a sama, amma raga biyu ce a filin atisaye, na ukun ba ya samun isasshen harbi, ga gurbin ɗan baya ko ɗan gaba da ya cinye. Duk da haka ina ganin kashe zaɓin zagaye na huɗu ko na biyar a kan gola mai lafiya da ɗan gogewa ciniki ne mai kyau. Vegas Golden Knights ta karɓo Adin Hill daga San Jose a Agustan 2022 da zaɓin zagaye na huɗu. Raunuka suka sa ta yi amfani da gola biyar a wannan kaka. Laurent Brossoit ne ya fara wasannin kofi, ya ji rauni a zagaye na biyu da Edmonton, Hill ya taso daga benci ya tsare raga har suka ɗaga Kofin Stanley na 2023.