Masu son shuka a gida a Legas, yanzu ne lokacin shiri

Jama'a barkanmu da war haka. 'Yan uwana na Agege da Idi-Araba da Mile 12 masu sha'awar ɗan lambu a gida, to lokacin shiri ya yi fa, daga ƙarshen Fabrairu zuwa Maris ake yin aikin, kafin ruwa ya kankama a Afrilu. In ka bari sai Yuni lokacin da ake sheƙa shi kamar da bakin ƙwarya, wallahi irin ma wanke shi ruwa zai yi ya kai maka kwata.

Abin da nake so mutanenmu su gane, Legas ba Kura ba ce, ba Kadawa ba ce. Can gida mai noman rani fangali yake yi, ya ɗaga gefe ya bar tsakiya a kwance don ruwa ya zauna, saboda ruwan shi ne abin nema. Nan kuwa ruwan shekara ya kusa ninka na Kano, ga laima a iska dare da rana, don haka duk dabarar ita ce yadda ruwa zai fita, ba yadda zai tsaya ba. Mai ɗan fili sai ya ɗaga kunya sosai, ya fitar da hanyar ruwa a gefe. Saiwa in ta kwana biyu cikin ruwa ruɓewa take yi, sai ka ga ganye ya yi ɗorawa ka zata taki ne ya yi kaɗan ka ƙara, alhali shaƙewa shukar take yi.

Amma tsakani da Allah mu nawa ne muke da fili? Yawancinmu haya muke, tsakar gidan ma an malale ta da siminti. To buhu ne mafita, buhun shinkafa mai kilo 50, bokitin fenti, jarkar da aka yanke, duk suna yi. Ka huhhuda gindinsu da gefen ƙasa, ka ɗora a kan bulo don in unguwa ta cika da ruwa kada su jiƙa a ciki, kuma ka zaɓi inda rana take samu kamar awa 6. Ka fara yi wa mai gida ko wakilinsa magana tukuna, kun dai san halin gidan haya, wani kan buhu uku sai a tara maka mitin.

Sai ƙasa, nan ne aikin yake. Wajen Ajah da Lekki yashi ne, ruwa da taki duk zurarewa suke, Agege da Ikeja kuma jar ƙasa ce da in ka cika buhu da ita kaɗai sai ta daskare. Ni haɗawa nake yi, baƙar ƙasa kashi biyu, ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya, sai ɗan yashi in ƙasar ta cika danƙo. Don Allah kada a kwaso ta bakin kwata ko kusa da garejin makanikai duk baƙinta, baƙin mai da ruwan batir ne a ciki kuma ganyen nan cikinka za shi.

Taki kuwa mu na Agege Allah ya hutar da mu, ga mayankar Oko-Oba ga masu kiwo, kashin shanu ba ya wuya, na kaji kuma sai gidajen kaji. Sai dai ɗanyen kashin kaji wuta ne, ƙone shuka yake yi, shi ya sa ma nake cewa a fara tun yanzu. Ka tara shi a gefe ka haɗa da busasshen ganye, ka yayyafa ruwa ka rufe da buhu, kana juyawa duk sati, sai ranar da ka tura hannu ka ji babu zafi, warin nan mai hawa kai ya tafi, to ya nuna. Yana cin makonni, ba aikin kwana uku ba ne.

Me za a shuka? Ni dai ganye nake cewa a fara da shi. Alayyahu ba ya ba da kunya, ka gauraya irin da yashi saboda ƙanƙantarsa ka barbaɗa, sati 3 zuwa 4 ka fara yanka, kuma yanka za ka yi ba tugewa ba, zai sake tohowa. Lalo ma haka, ga maƙwabta Yarbawa da ba sa rabuwa da shi, su ewedu suke ce masa, sai dai irinsa taurin kai ne da shi, ka ƙulle a tsumma ka tsoma a ruwan zafi na 'yan daƙiƙu ka shanya sannan ka shuka. Kuɓewa a jiƙa ta ta kwana, ƙwaya 2 ko 3 a buhu, in sun fito a bar mai ƙarfi, wajen wata 2 an fara tsinka. Yakuwa da rama suna yi lafiya lau, kuma su ne ma in kwaɗayin miyar gida ya tashi ba kullum ake samunsu a kusa ba. Attarugu sai an yi renonsa a ɗan mazubi sati 5 zuwa 6 kafin a dasa.

Tumatir ne nake rigima da mutane a kansa. Kowa shi yake so, na kuma san dalili, da zarar noman rani ya ƙare a Arewa kwando ya yi tashin gwauron zabi a kasuwar Mile 12 sai kowa ya tuna yana da bokiti. Amma daminar Legas ba ta ƙaunar tumatir, laima tana kawo cutar ganye, akwai kuma wadda take cikin ƙasa, yau shuka kore shar gobe ta yi yaushi gaba ɗaya ko da ƙasar a jiƙe take. In ka matsu ka sa shi inda ruwan sama ba ya dukansa kai tsaye, ka kafa masa sanda, ban ruwa a gindi kawai. Ni shawarata a bar shi sai Oktoba ko Nuwamba in ruwa ya ja baya.

Dodon koɗi shi ne ɓarawon dare a nan, da ruwa ya sauka zai fito ya share maka sabon tsiro. Toka a zagaye tana ɗan taimako amma ruwa ɗaya ya wanke ta, gara ka fita da tocila bayan isha'i ka tsince su. Ƙananan ƙwari kuma ganyen darbejiya, a daka a jiƙa ya kwana a tace a fesa da yamma.

Irin da aka aiko maka daga gida ta hannun direbobin lodi, kada ka zuba shi duka haka nan. Ɗauki ƙwaya 10 ka naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, ka duba bayan 'yan kwanaki, in 7 ko 8 sun tsaga to bismillah, in 3 ne kawai ka nemi wani tun Maris bai wuce ba.